Kunyar Suruki a Ƙofar Rumfar Karta

Masu karatu, ku gyara zama, yau zan kai ku wurin da na daɗe ina kewayewa. Amma ku fara cire Arlit ɗin da kuka sani daga ranku. Babu bas ɗin ma'aikata, babu kabu-kabu, babu ko gida ɗaya mai rufin kwano. A shekarar da nake ba ku labari, shekarar da Nasara suka ce kowa ya fito ya zaɓi "i" ko "a'a", fili ne kawai a shimfiɗe har inda ido zai gaji, sai rijiya, sai tantunan wasu Faransawa da ke yawo da ɗan akwati mai kuka suna sauraren duwatsu. Masu neman dutse muke ce musu. Leburorinsu da direbobinsu suka kakkafa bukkoki a gefe, wurin ya zama zango, kuma a zangon nan na yi 'yanmatancina.

Fadimata aka raɗa mini, amma 'Yargata kowa ke kirana, kuma wallahi ban ci sunan a banza ba. Ni kaɗai na rayu a ɗakin Anna, mahaifiyata, shi ya sa Abba ba ya son ko ƙuda ya sauka a kaina. Takalmin Agadas mai ja da kore, mayafin turkuɗi da ke barin shuɗi a wuya, mundayen azurfa har kusa da gwiwar hannu, duk abin da kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo zango ni ke fara zaɓa kafin matan direbobi su gani. Ban taɓa tambayar da me ake sayen su ba. Wace yarinya ce ke tambaya?

Abbana, Muktari, mai lambu ne a Iferuwan kafin rijiyarsa ta ƙafe. Da buta da buhun gawayi ya zo zango yana dafa wa leburori shayi. Wata rana wani direba ya baje karta a gefen tabarmarsa, mutane suka taru, shayi ya ƙare aka sake ɗora wani. Abba mutum ne mai lura, ya ga cewa inda karta take nan mutane ke wuni. Kafin shekara ta zagayo rumfarsa ta fi ta kowa girma, kuma ba shayi ne ya gina ta ba.

Sai caca ta yi yawa a zango. Kowace inuwa ka leƙa akwai masu jefa wuri, ranar biyan leburori kuwa sai an zare wuƙa. Kumandan na Agadas ya aiko da doka, aka buga ganga aka yi shela cewa caca ta haramta, wanda aka kama bulala ce da gidan kaso. Dogaransa, waɗanda muke kira gardi, suka bi inuwa-inuwa suna ƙone tabarmi. Kun san wanda ya fara kai ƙarar 'yan caca wurin kumandan? Abba ne. Doka ta share ƙananan 'yan caca tas, ta bar rumfarsa a tsaye, wai ai gidan shayi ne. Duk wanda aka kora daga inuwa sai ya tattaro ya dawo wurinsa.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Zaɓe ya matso, mutanen parti, wato jam'iyya, in sun zo daga Agadas a wurinmu suke sauka. Abba ya yanka musu akuya, ya raba wa manyan makiyaya kan sukari da ganyen shayi, kuma duk wanda aka cinye wa takobi ko sirdi a rumfa, Abba zai mayar masa da abinsa in dai ya yi alkawarin inda danginsa za su jefa ƙuri'a. Kumandan yana son ƙuri'un nan su faɗa gefe guda. Mano tafinta, mai juya masa magana, ba ya ratsa zango bai zauna ya sha shayin Abba ba, haka duk gardin da aka turo.

Mutum ɗaya ne ya ƙi shan shayin nan, shi ne Tijjani.

Wayyo, masu karatu, ku bar ni in ɗan numfasa. Ɗan Gugaram ne, sabon gardin da aka ba tsaron zango, dogo, siriri, da jar ɗamara a ƙugu, da farin rawani wanda ba ya barin komai a fili sai idanu. Ban taɓa ganin bakinsa ba. Murmushinsa a gefen ido nake gane shi, fatar wurin ta ɗan tattare sannan ta sake. Sau nawa na zauna ina dakan cuku da dabino ina ƙera masa baki a raina, yau in ba shi wushirya, gobe in ƙwace, har Anna ta daka mini tsawa wai na mai da dabino ruwa.

A rijiya muka saba. Yakan zo shayar da raƙuminsa da hantsi, ni kuma ba a taɓa aikena ɗiban ruwa ba a rayuwata, amma rana ɗaya na zama mai son taimakon Anna. In na miƙa masa ƙwarya, sai ya karɓa da hannu ɗaya, ɗan yatsan ɗaya hannun ya zana mini saƙo a tafi, yadda samarinmu ke yi in akwai idon mutane. In ya zagaya, gobe a nan. In ya ja layi, aiki ya hana. In kuma ya ɗora yatsa a tsakiya ya ɗan danna, to wannan ba na fassara muku, ku je ku tambayi kakanninku. Sai in koma gida da hannu a dunƙule, in ƙi taɓa komai da shi har azahar.

Ba sau ɗaya ba ya aika a sanar da Abba yana so na. Abba ya ce ba ya ba da 'yarsa ga baran Nasara mai taurin kai. Abin ya ƙara lalacewa da Tijjani ya tsaya a bakin rijiya, gaban jama'a, ya ce doka ba ta ware rumfar kowa ba, kuma ranar Asabar ta biya zai shiga ya naɗe kartar da hannunsa. Ranar na yi kuka har tozalina ya gangaro wuya. Na ce shi ke nan, an raba ni da shi.

Kwatsam wata safiya Abba ya kira ni. Yana zaune a kan buzu yana gyara rawani, fuskarsa a sake.

"'Yargata."

"Na'am, Abba."

"Yaron nan mai jar ɗamara. Har yanzu kina nan a kan bakanki?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi. Ya yi dariya.

"To na aika masa. Ya turo manyansa ranar Juma'a a karɓi gaisuwa."

Ban san yadda na fita daga wurin ba. Abin da na sani, na tsaya bayan tanti ina kallon gabas, duwatsun Abzin suna can nesa sun yi shuɗi-shuɗi, kawalwainiya ta ɗaga su sama kamar ba su taɓa ƙasa ba. Na ga tantina a kafe, sababbin tabarmi masu adon fata, gado mai ƙafafun itace, jakar fata mai geza tana lilo a jikin ginshiƙi. Na ga Tijjani ya shigo ya kwance ɗamara ya rataye, ya zauna, ya kai hannu ga rawani zai sauke. Nan mafarkin ke tsayawa kullum, sai in sake komawa farko. Kwanakin nan ko abinci na ci ban san ɗanɗanonsa ba. Na wanke farar rigata mai jan zare a ƙirji, na turara ta, na sake wanke ta don kawai in sami abin yi.

Mina ce ta tashe ni daga barcin. Ƙawata ce tun muna Iferuwan, ta riga ni aure, mijinta Illi lebura ne a wurin masu neman dutse. Na je in yi mata albishir, na tarar da ita a ƙofar bukka tana tankaɗen gero, hannuwanta fayau babu ko zobe.

"Mina, an sa Juma'a!"

"Na ji," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Haka za ki ce? Ba guɗa, ba komai?"

Ta ajiye faifai ta dube ni. "Wace rana ke bin Juma'a, 'Yargata?"

"Asabar mana."

"To. Duk zango ya gane, ke kaɗai kika rage."

Na yi tsaye kamar an dasa ni. Ku da ba ku tashi a cikinmu ba, bari in gaya muku. A wurinmu, daga ranar da aka karɓi gaisuwar saurayi, uban yarinya ya zama surukinsa, kuma kunyar suruki ba wasa ba ce. Ba zai ambaci sunansa ba, ba zai ci ko ya sha a gabansa ba. In ya hango shi zai ja amawalin rawaninsa sama har ƙasan ido, ya kauce hanya. Inda suruki ke zaune kuwa ba ya shiga, ko da wuta ce ta kama. Wanda ya keta wannan ya gama zama mutum a idon dangi, ko 'ya'yansa sai an yi musu gori. Yanzu ku faɗa mini, yaya gardi zai kutsa rumfar da surukinsa ke zaune a ƙofarta?

"Ina jiran Asabar ɗin nan kamar ruwan sama," in ji Mina. "Illi ba mugu ba ne, amma in ya ji ƙarar karta ba ya jin kiran kowa. Awakina sun tafi, tabarman aurena sun tafi." Ta kama hannuna ta juya shi a hankali. "Wannan ta kusa da gwiwar hannunki, mai tsagi, ta uwata ce. Ban faɗa miki ba don ba laifinki ba ne. Ta ma yi miki kyau."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na zare munduwar na ajiye mata a kan faifai, na juya ban ko yi sallama ba.

Na sami Abba shi kaɗai bayan la'asar, yana haɗa shayi. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Abba, don ni ka yarda, ko don rumfa?"

Bai yi fushi ba. Ya ɗaga buta sama yana zubawa a ɗan kofi, ya mayar, ya sake zubawa, har kumfa ta tashi.

"Kina son sa?"

"Ina son sa."

"To na ba ki shi. Wane uba ne ya yi wa 'yarsa abin da ya fi haka?"

"Amma me ya sa sai Juma'a?"

"Juma'a rana ce mai albarka." Ya kurɓa, ya dube ni da idon nan nasa mai taushi. "Saurara, 'yata. Wani da sukari ake ɗaure shi, wani da takobinsa. Shi wannan na duba jikinsa duka ban ga inda igiya za ta kama ba, sai ke. Ba ni na sa masa son ki ba, tarar da shi na yi. Zai same ki, ke ki same shi, ni kuma in zauna lafiya. Wa aka cuta?"

"Mina, Abba."

"Ni na kama hannun Illi na kawo shi? Kin manta ranar da muka bar Iferuwan, uwarki na riƙe da hannunki, ba mu da ko akuya? Na rantse ba za ki ƙara kwana da yunwa ba, kuma ban karya rantsuwa ba."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya yake faɗa, kuma ina son sa. Ban taɓa son Abba kamar a lokacin ba, kuma ban taɓa jin tsoronsa kamar a lokacin ba.

Washegari na je rijiya ban ko ɗauki guga ba. Tijjani na can yana shafa wuyan raƙuminsa. Muka koma gefe, inda iska ke ɗauke magana.

"Ka san dalilin Juma'a?" na tambaye shi.

"Tun ranar da aka kawo mini saƙon na sani."

"Kuma za ka turo manyanka?"

"In kin ce in turo."

"Asabar fa?"

Ya kalli ƙasa. "In na zama surukinsa, ranar Asabar zan hau raƙumi in tafi duba rijiyoyin arewa. Haka kowace ranar biya, har a gaji da ni."

"In ban ce ba?"

"Zan shiga. Daga nan ba na jin zai ƙara yarda a ambaci sunana a gidanku."

"Wato ka ɗora mini kayan."

"Na gwada ɗauka ni kaɗai, 'Yargata. Duk ta inda na bi, sai in ga ke na zaɓa. Shi ya sa na daina yarda da kaina."

Kun ji fa, masu karatu. Da wata ce da ta narke a wurin, ni ma saura kaɗan. Ya miƙo hannu, na ba shi tafina, ya ɗora yatsa bai zana komai ba, ya daɗe a haka sannan ya janye. Na dawo gida ina tafiya kamar a cikin ruwa.

Wunin ranar na kwanta a inuwar tanti na rufe fuska da mayafi, na koma cikin mafarkina. Ga tantin, ga tabarmi, ga jakar fata. Amma wannan karon da Tijjani ya shigo, ranar biya ce, ya dawo daga rijiyoyin arewa inda ba abin da ya kai shi. Ya rataye ɗamara bai dube ni ba. Can nesa ana jin shewar 'yan karta, shi kuma yana yi kamar bai ji ba, ni ma ina yi kamar ban ji ba, muna ta yi wa juna haka har furfura. Na tambayi raina, wannan mutumin nake so, ko wancan da ya tsaya a bakin rijiya ya faɗi magana zango ya yi tsit? Amsar ta zo da sauri, kuma ba ta yi mini daɗi ba.

Na tashi na sami Anna tana saƙar tabarma, Abba na gefe yana jan carbi.

"Anna, ba za a karɓi gaisuwata ba sai Kaka na zaune."

Allurar Anna ta tsaya. Kaka, uwar Anna, tana can cikin dajin Gugaram da awakinta. A al'adarmu tantin amarya daga hannun matan dangin uwa yake fitowa, kuma in yarinya ta ce sai babbarsu ta sa albarka kafin a fara magana, ba uban da zai hana, don ba huruminsa ba ne.

Abba ya ajiye carbi. "Ba matsala. Kamiyon parti na nan, gobe da safe a je a ɗauko ta."

Anna dai Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta. Ta ce, "Ka san uwata. Ba ya hawa abin da ba ya cin ciyawa. Sai raƙumi, kuma shi da kansa zai zaɓi ranar tashi."

Kowa a wurin ya san raƙumin Kaka ba zai iso kafin Asabar ba. Abba ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya tashi ya sa takalmi ya fita. Anna ta ci gaba da saƙa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kai ka san abin da ka yi?"

"Na sani, Anna."

"To ka riƙe zuciya da kyau."

Juma'a ta zo ta wuce ba wanda ya zo. Abba bai yi mini magana ba, bai kuma hana a kawo mini nonon raƙumi da safe kamar kullum ba. Ranar Asabar tun da hantsi wata ƙaramar mota ta zo ta tsaya bayan rumfa. Da rana aka biya leburori, zango ya cika da hayaniya, maza suka yi ta kwarara rumfar Abba.

Da la'asar sakaliya Abba ya leƙo tanti. "'Yargata, sa farar rigarki. Ina da baƙi, ke za ki dafa musu shayi."

Tunda nake ban taɓa taka ƙofar rumfar nan ba, shi da kansa ya hana. Amma yaya zan ce a'a? Na sa rigar da na turara don Juma'a, na ja tozali, na yafa turkuɗi na bi shi. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa, daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, aka jera mini murhu da buta da kofuna. Shi kuma ya zauna a kan buzu a gefe. Sai a lokacin na gane. Ba namijin kirki da zai tsallake tabarmar da mace ke zaune a kai, balle ya ture ta. Na hana shi igiya, sai ya mai da ni ƙyaure.

Rana ta yi ƙasa, fili ya zama ruwan zuma, inuwar bukkoki ta miƙe. Can na hango shi yana tafe a ƙasa, shi kaɗai, jar ɗamarar tana ɗaukar ido. Mutane na biye da shi nesa-nesa, mata da leburorin da ba su shiga ba, har da Mina da goyo a baya. Bai yi sauri ba. Na ji kamar shekara yake tafiya, kuma har ga Allah na so kada ya iso, ya yi ta tahowa haka ina kallon sa.

Ya tsaya a gaban tabarma.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam," in ji Abba da fara'a. "Ka zo a daidai, ɗana. 'Yargata, zuba masa."

Tijjani bai dubi kofin ba, ni ya duba. Babu roƙo a idonsa, babu umarni. Na san in na zauna zai juya ya tafi, ba zai taɓa yi mini gori ba. Gawayi na ta ƙara a murhu.

Na ɗauke butar daga wuta. Na miƙe. Na ture kofuna gefe da ƙafa, na sunkuya da hannu ɗaya na naɗe tabarmar na jingine ta a ginshiƙi. Wata mata ta yi salati a bayana. Tijjani ya wuce ta gabana, bakin rigarsa ya shafi hannuna, ya sunkuya ya shiga.

Ƙarar karta ta ɗauke. Na jira in ji ihu, ko gudu, ko faɗuwar kwanuka. Sai na ji murya ɗaya, a natse, cikin Faransanci. Na leƙa ta tsakanin zana. A kan babbar tabarma ta tsakiya ga mutumin parti da ya saba sauka a gidanmu, ga Mano tafinta, ga kuma ajidan, Bafaranshen da ke shugabantar duk gardin ƙasar, zaune ya tanƙwashe ƙafa da karta a hannu. Tijjani na tsaye a ƙame. Ajidan ya faɗi wata magana gajera, ya miƙa hannu a ba shi ɗamara, ko kallon sa bai yi ba.

Mano ne ya fito ya yi wa jama'a bayani, yana gyara hula. Wai wannan rumfa daga yau gidan taron parti ce, da izinin kumandan, kuma gardin da ya shigo ya tada taro an sauke shi daga aiki. Kafin ya rufe baki an ci gaba da raba karta a ciki. Na ga Mina ta gyara goyonta ta juya.

Tijjani ya fito ba ɗamara. Rigarsa ta saki a jikinsa, wurin da ɗamarar take ya fi sauran fari. Na ɗauka zai wuce. Sai ya tsaya nesa da Abba, ya kai hannu ya ja amawalinsa sama har ƙasan ido, ya karkata fuska gefe, yadda ake yi wa suruki.

"Baba," ya ce, "yanzu ba ni da komai da za a ɗaure. In Kaka ta iso, zan turo manyana."

Abba bai dube shi ba. Ni yake kallo, kuma ba fushi na gani a fuskarsa ba, da fushi ne da na iya ɗauka. Ya tashi a hankali yana dafa gwiwa, ya kakkaɓe buzunsa.

"Ka tura su wurin wadda ta naɗe tabarma," ya ce. "Ni ban san 'yar wace ce ba."

Ya shiga rumfa ya saki asabari a bayansa.

Jama'a suka fara watsewa. Can a ƙofar tantinmu na hango Anna a tsaye, ba ta kira ni ba, ba ta kuma shiga ba. Tijjani ya matso kaɗan, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ajiye butar, 'Yargata, za ta ƙona ki."

Sai a lokacin na ji zafinta a hannuna. Butar Abba ce, wadda ya zo da ita daga Iferuwan. Na dubi rumfa, na dubi tantinmu, na rasa ƙofar da nake da ikon shiga in mayar da ita.